Fuskar da Na'ura Ta Tsallake

Aikin Mouna shi ne goge fuskoki. Su shida ne a wani ɗaki a saman kantin tayoyi a Agege, kowa da kwamfutarsa.

Wasu jami'o'i biyu, ɗaya a Holan ɗaya a Japan, suka haɗa kai da masu bincike na Legas don koya wa mutum-mutumi mai kai saƙo ganin hanya, ya bambance motar danfo da kwata, akuya da ɗan mutum. Wata shida da suka wuce aka ɗaura kyamara a kan Keke Napep ta zaga unguwa. Doka ɗaya ce ba a wasa da ita: kafin hoto ya ƙetare teku sai an dusashe fuskar kowa, kuma da an dusashe, na asalin ya tafi har abada. Waya ma a bakin ƙofa ake barin ta, cikin akwati.

Na'ura ce ke yawancin gogewar, abin da ta tsallake a turo wa Mouna. Na'urar kuwa a ƙasar masu hular sanyi ta yi karatu. In ta ga rawani, sai ta ɗauka ƙullin wanki ne aka ɗora wa bawan Allah.

Ranar Litinin da Mouna ta dawo, bayan kwana bakwai ba ta nan, fuska dubu da ɗari biyu ke jiran ta. Ta zauna, ta ja layi, ta danna, ta wuce. Mai rake, mai yankan farce, 'yan okada a bakin masallaci. Ba ta jin komai, hannun ne kawai ke aiki. Zuwa Laraba saura ɗaya.

Wani tsohon Buzu ne mai gadi, zaune a benci bakin get. Ya sauke amawalinsa har ƙasan haɓa, abin da irinsu ba su cika yi a titi ba, yana dariya, haƙorin gaba ɗaya babu. Ya miƙa hannu zai karɓi wata kula mai koren murfi daga wanda kyamarar ta yanke. Daƙiƙa huɗu ne duka. Ta kalla, ta mayar baya, ta sake kallo, har Alhamis ta wuce a haka.

Safiyar Juma'a shugabansu, Oga Shafi'i, ya tsaya a kanta.

"Mouna, wai mene ne? Baturiyar nan ta Holan ta turo mail sau uku. In sha biyu ta yi ba mu tura ba, za su cire Agege su ba 'yan Nairobi aikin. Mu shida sai gida. Abeg."

"Saura ɗaya, Oga."

"Tun shekaranjiya saura ɗaya." Ya leƙa allon. "Ah, wannan ai easy ne. In danna miki?"

"Bari. Ni zan yi."

Ta ɗauki biro ta gwada zana fuskar a bayan takarda, abin ya fito kamar tukunya. Ta ajiye. Ta dubi goshin, ta dubi wawulon, ta dubi yadda idon hagu ya ƙanƙance da dariya. Sha biyu saura minti goma ta ja layi ta danna. Fuskar ta koma dusu-dusu, rawanin kaɗai ya rage. Wani a baya ya tafa.

A bakin ƙofa ta karɓi wayarta, ta tarar da saƙon yayanta daga garin Tawa, can Nijar. Yana tambaya ko an samu hoton Baba ko ɗaya ne kafin sadakar arba'in, yaransa ba su taɓa ganin kakansu ba. Shi ma ya san tsohon bai yarda an ɗauke shi hoto ba tsawon rayuwarsa.

Ta rubuta "Babu." Sannan ta sunkuya ta ɗauki kularta mai koren murfi, wadda har yau hannunta ke cikawa kowace safiya, kwana goma sha ɗaya ke nan babu mai karɓa.