Idon Inna Zai Ƙare da La'asar

Yanzu aikin ido na leza shekara goma cif yake yi, kuma ba a yi wa mutum sau uku. Na biyun Inna Tasalla zai ƙare yau da la'asar.

Tun hantsi take leƙen zaure.

"Wancan bai iso ba?" ta tambayi 'yarta Dije. Ɗan farinta take nufi, wanda kunya ba ta taɓa barinta ta kira sunansa ko ta dubi fuskarsa ba.

"Yaya ya ce sun wuce Zariya, Inna."

Ƙofa ta fara yi mata dishi-dishi. Ana kiran salla ya shigo, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar yadda ta koya masa.

"Ɗanlami," ta ce. "Ɗago."