Sifirin Uku a Ƙafa Ɗaya

Tunda ka zo ranka a ɓace kan wanda kake zaton ya cuce ka, zauna ka sha ruwa tukuna, in ba ka labarin wani mutum da na sani.

Mai gyaran injin ban ruwa ne a wani gari na bakin fadama. Shekarunsa sun haura sittin, gwiwoyi sun fara ƙi. Yana da wata tsohuwar mota, kuma ba don yawo yake riƙe da ita ba. Matarsa ce ke fama da ciwon ƙashin baya, duk ranar Talata sai ya kai ta asibitin birni a gasa mata, tafiyar awa biyu a hanyar da ramukanta suka fi kwaltarta yawa. Wata Talata suna dawowa suka faɗa rami, wani abu ya ce ƙas a ƙafar gaba ta dama, motar ta karkace. Da ya leƙa sai ya ga sifirin, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan na bayan taya mai ɗaukar nauyin mota, ya karye. Ya ce a ransa, wanda ya shekara talatin yana buɗe cikin inji ai ba zai kai wannan gareji ba. Ya je shagon wani mai sayar da kayan mota, abokinsa tun suna samari, ya sayo sabo.

Aikin da ya zata na hantsi ɗaya ne sai da ya ci masa kwana biyu. Ya ɗaga motar da jak, ya tokare ta da kututture, ya cire taya, ya kwanto shokazoba, doguwar sandar ƙarfen nan ta bayan taya, da karyayyen sifirin naɗe a jikinta. Notin sama ya ƙi kwantuwa, in ya juya shi sai sandar ciki ta bi shi su yi ta zagaye tare, sai da ya sami abin da zai danne sandar. Wajen matse sabon sifirin kuwa, yana ɗaure wannan gefe yana komawa wancan, fuskarsa a kauce, don ya san in ƙarfen nan ya kuɓuce, ko haƙora ko ido. Da ya gama, sai da ya dafa bango kafin ya iya miƙewa. Motar ta tsaya daidai, ya ce alhamdu lillahi. Amma ranar Talata suna hawa hanya ta kama rawa kamar kwalekwale. Kowane rami sai ta buga ta yi sama, ta dawo, ta sake yin sama. Ta madubi yana ganin matarsa ta cusa bakin mayafi tsakanin haƙoranta.

Ya yanke cewa sifirin ne ba shi da ƙarfi. Ya mayar, abokin ya canza masa ba gardama. Kwana biyu kuma a ƙarƙashin mota, rawa tana nan. Wannan karon da ya koma kasuwa bai ko yi sallama ba. Ya jefar da ƙarfen a bakin shago, ya faɗa a gaban jama'a cewa shekara arba'in suna tare, ashe jabu ake sayar masa. Abokin ya buɗe baki zai yi magana, shi kuwa ya riga ya juya. Ya sayi na uku a wani shagon, mai kauri, ya ɗaura. Abin ya ƙara muni. A daidai nan matar ta ce masa, "Malam, a bar Talatar nan haka. Ciwon ya fi mini sauƙi a kwance." Talata uku suka wuce ba a je ba, har ta fara jan ƙafar hagu in za ta alwala. Shi kuma ya daina ko kallon motar, sai ya zauna a zaure hannuwa duk sun ƙuje, ya rasa abin da ya rage bai yi ba.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, sai ga abokin nan ya yi sallama. Bai tayar da maganar kasuwa ba. Ya tambayi jikin mai ɗaki, sannan ya je ya ɗora tafukansa biyu a gaban motar, ya danna da ƙarfi ya saki. Ta yi sama da ƙasa har sau huɗu kafin ta tsaya. Ya zura hannu bayan taya ya shafo jikin shokazoba, yatsunsa suka fito da baƙin mai. Ya ce, "Malam, shi sifirin kaya kawai yake ɗauka. Mai hana shi rawa wannan ce, kuma ta daɗe da mutuwa. Ina jin ita ta gajiyar da na farkon har ya karye." Mutumin ya zauna a kan dakali. Sau uku yana fitar da ita, sau uku yana mayarwa, kuma kowane karo sai ya sa tsumma ya goge man nan tas, don kada ya ɓata sabon sifirin.

Abokin ya ɗauko sabuwa daga shagonsa, su biyu suka canza ta kafin magariba, motar ta daidaita. Matar ta koma asibiti, amma sai da aka yi wata huɗu kafin ƙafar ta sake ta. Ya je kasuwa ya nemi gafara a inda ya yi faɗan, abokin ya ce ba komai. Suna gaisawa har yau, sai dai bencin bakin shagon nan da ya saba zama kullum da la'asar, ya daina jin daɗin zama a kai.

To kai ma kafin ka je ka faɗi abin da ba ya komawa baki, duba da kyau inda ciwon yake. Irin wannan ne Hausawa ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.