Kafinta da Karkatacciyar Gora

Ranar wata Lahadi a ƙarshen damina, da ƙarfe uku na yamma, wani kafinta ya tsaya a tsakar gidansa ya ɗaga kai ya dubi doguwar gorar da ke ɗauke da eriyar talabijin ɗinsa, sai ransa ya ɓaci. Garinsu a bayan dutse yake, hoto ba ya isowa sai da lallashi. Tun da ya sayi akwatin yake fama. Ya ƙara tsawon waya, ya rataya murfin tukunya a jikin eriyar, ya juya ta gabas ya juya ta yamma, amma abin da yake samu bai wuce yayyafi da ƙara kamar ana suyar ƙosai ba. Ana nan sai iskar wani hadari ta ture gorar ta karkace, ta jingina da reshen mangwaro, bakin eriyar ya fuskanci wata 'yar tsaga da ke tsakanin duwatsu biyu. Tun daga ranar hoto ya fito tas, har maɓallan rigar mai karanta labarai ana gani.

To, a wannan Lahadin da ƙarfe huɗu za a nuna zumuntar matan ikilisiyarsu, waɗanda aka ɗauka a birni suna waƙa, kuma matarsa ce mai buga tulu a sahun gaba. Sau ɗaya tak za a nuna. Shi bai samu zuwa birnin ba, saboda haka ya ƙwallafa rai a kan ganinta a cikin akwatin. Ya gayyaci unguwa, ya kai batir caji, ya jera bencina. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya: mutumin da ko kujera ba ya bari ta fita shagonsa tana ɗingishi, a ce baƙi su shigo su tarar da gora a karkace a gidansa?

Matarsa tana tace zoɓo ta ga ya ɗauko zarto. Ta ce, “Baban Rifkatu, ka bar gorar nan yadda Allah ya ajiye ta.”

Ya ce, “Miƙe ta kawai zan yi, Uwargida. Kafin ki sa sukari na gama.”

Ya yanke reshen mangwaron, ya saki zare mai dutse a baki ya daidaita gorar da shi, ya kafe ta a jikin bango da katako da ƙusoshi. Aiki ya yi kyau, babu mai musu. Maƙwabcinsa mahauci, da ya shigo da tabarmarsa, sai da ya tsaya ya ce, “Kai, Malam, ta miƙe kamar alifi!” Kafinta ya ji daɗi har cikin ransa. Ɗaki ya cika, aka kunna akwati, sai ga yayyafi fari fat, kuma can ƙarƙashin ƙarar ana jin tulu ya fara amsawa.

Ya fita a guje, ya zare ƙusoshin da ya gama bugawa, ya karkato gorar. Amma reshen da za ta jingina da shi yana kwance a ƙasa, akuya tana cin ganyensa. Dole ya tara kafaɗarsa. Daga taga aka shiga yi masa ihu: “Dama! A'a, ka wuce! Ya zo! Ya tafi! Tsaya nan!” Ya tsaya nan, bayansa ga taga, fuskarsa ga duwatsu. Mahauci ya ji tausayinsa ya fito zai karɓe shi, amma yana sa hannu hoto ya girgiza, ɗaki ya ɗauki salati da “Wayyo!” a lokaci guda.

Uwargida ta leƙo ta ce, “Kada wanda ya taɓa shi! Baban Rifkatu, ko tari ya zo maka, haɗiye shi!”

Haka ya tsaya, cinnaku suna hawan ƙafarsa bai isa ya karkaɗe ba. Ya ji guɗa ta tashi, ya ji mata suna cewa ga ta nan, ga ta nan. Ya tambaya ba tare da ya waiwaya ba, “Yaya ta fito?”

Mahauci, wanda ya riga ya maƙale a taga, ya ce, “Kamar amarya, Malam! Da ka gani da ka ƙara sadaki.”

Da ya ji tafi, ya jingine gorar a bango ya shiga yana murza kafaɗa. Hoto ya koma yayyafi, waƙa ta ƙare, wata murya tana bayanin takin zamani. Tashar ba ta sake nuna shirin ba. Duk unguwar ta ga matarsa a talabijin, ban da mai talabijin ɗin.

Baƙi suka watse suna dariya, kowa ya wuce sai ya yi masa sannu da aiki. Waɗanda suka rage su ne wata tsohuwa da barci ya kwashe a kan benci, da mahauci yana shanye sauran zoɓo, da uwargida wadda ta ɗauko tulunta ta zauna a gabansa ta ce bari ta maimaita masa tun daga farko, da shi kafinta, yana sosa ƙafa yana murmushin dole.

Wannan shi ne abin da Hausawa suke nufi da suka ce, garin neman gira aka rasa ido.