Mai Kai Wa Mama Magana

"An ce ni kura ce da gyale," in ji mai makaranta, tana juya cokali a kofin shayi. "Haka ne, Malama?"

Malamar lissafi ta gane kalmomin nan take. Maganar tata ce. Jiya bayan an tashi ta rubuta ta a waya, cikin haushin an hana ta fita kai ɗanta asibiti, kuma mutum ɗaya ta tura wa: Doguwa, malamar 'yan aji ɗaya.

Ta ba da haƙuri, ta fito.

Ita da Doguwa tare suka yi kwaleji, tare aka ɗauke su aiki. Kwano ɗaya suke ci a ɗakin malamai, 'ya'yan kowacce suna kiran ɗayar Umma. Don haka ta ce wa zuciyarta wani ne ya leƙa wayar. Ta sauya lambobin sirri, ta daina barin ta a caji, ta hana yaranta wasa da ita.

Mai makaranta kuwa, wadda kowa ke kira Mama, ba ta sake tayar da zancen ba. Mace ce mai fara'a da sanyin murya. Ofishinta kullum a buɗe yake, kuma da yake nan ne kaɗai ake da kwamfuta da injin buga takardu, duk lokacin jarrabawa malamai kan yi layi a teburinta tana tsokanarsu.

Ba a jima ba Malama ta rubuta wa Doguwa cewa ta nemi aiki a wata makaranta. Kafin mako ya ƙare Mama ta tare ta a baranda, ta ce ta ji za a gudu a bar su, ta kuma sanar da ita cewa mai waccan makarantar ƙawarta ce. Waccan makarantar ba ta taɓa kiran Malama ganawa ba.

Mijinta ne ya ba ta shawarar ta ɗana tarko. Sai ta ƙirƙiri ƙarya, ta rubuta wa Doguwa ita kaɗai cewa tana da juna biyu, amma za ta ɓoye har zango ya ƙare. Doguwa ta turo addu'o'i, washegari ta zo mata da lemo a leda.

A ranar Mama ta leƙo ajinta, ta sa aka kawo kujera, ta ce tsayuwa ba ta da kyau ga mace a irin wannan hali.

Malama ta ja Doguwa bayan ɗakin karatu ta zazzage mata. Doguwa ta yi rantsuwa har muryarta ta dushe, ta miƙo wayarta a duba. Malama ko kallon wayar ba ta yi ba. Goge saƙo ai ba aiki ba ne.

Ita ma tana riƙe da sirrin Doguwa. Tun suna kwaleji Doguwa ke da farfaɗiya. Magani ya kwantar da ciwon shekara da shekaru, kuma ban da mijinta da iyayenta, Malama ce kaɗai ta sani. Ita ce Doguwa kan rubuta wa idan maganin ya yi wuyar samu, ko idan ta tashi kanta na juyawa.

A taron iyaye da malamai aka kawo batun fita da ƙananan yara yawon buɗe ido, aka ce Doguwa za ta jagorance su. Malama ta ɗaga hannu. Cikin natsuwa ta ce kafin a damƙa wa mutum 'ya'yan jama'a, ya kamata a tambaye shi wace ƙwaya yake haɗiya kowace safiya. Sannan ta faɗi sunan ciwon.

Zauren ya kaure. Wata uwa ta miƙe tana tambaya ko ana ɗauka. Wani uba ya buga tebur ya ce gobe zai cire 'yarsa. A duk ɗakin Mama ce kaɗai fuskarta ba ta nuna mamaki ba. Tsaki kawai ta ja, ta rufe taron.

Aka sallami Doguwa. Ranar da ta zo kwashe kayanta, ta cire zanen yara daga bango ɗaya bayan ɗaya ta jera a kwali. A bakin ƙofa ta tsaya.

"Ko a mafarki ban taɓa kai maganarki ba, 'yar'uwa," ta ce. "Allah ya isa ma ba zan yi miki ba. Na gaji."

Labarin ya riga ta zuwa ko'ina. Babu makarantar da ta ɗauke ta. Malama ta ji an ce maƙwabta sun hana yaransu shiga gidan Doguwa, ɗanta kuma ya daina fita ƙwallo saboda tsokana. Tun da Doguwa ta tafi, ko sau ɗaya Mama ba ta sake jefa mata magana ba, wannan kuwa ya ishe ta hujja. Ba ta lura cewa yanzu ba ta da wadda take rubuta wa damuwarta ba.

Da jarrabawa ta gabato, mijinta ya saya mata kwamfuta ta hannu don ta huta da layin ofis. Ta zauna a falo, ta buɗe manhajar saƙonni a wayarta, ta shiga wurin haɗa na'urori don ta kwaso tambayoyin da ta tara.

Sai ta tarar akwai wata na'ura a haɗe tun jarrabawar bara, ranar da ita da hannunta ta haɗa, ta buga takardunta a gurguje, ta ruga aji ba ta cire ba: kwamfutar da ke kan teburin Mama, wadda ko da safiyar yau an buɗe saƙonninta a ciki.