Muciyar Inna Barmani

Shekara ashirin ke nan da aka kafa hasumiyar tace iska a garinmu, kuma tun daga ranar ba abin da ke ruɓewa. Ba abin da ke tsami kuma. Madara sai ta yi wata a ƙwarya tana nan madararta.

Tabawa ta dafa tsiron dawa, ta matse mangwaro a ciki, ta jefa ganyen shuwaka don ɗan ɗaci, yadda mahaifinta yake son burkutunsa. Jibi ne taron tunawa da shi, ga randa ta kwana biyu shiru, ko kumfa ɗaya babu.

Da hantsi ta nufi gidan Inna Barmani, tsohuwar da ta shekara arba'in tana dafa giya.

"Inna, giyar ta ƙi tashi."

"Da me kika juya?"

"Da ludayin ƙarfe. Na wanke shi tas."

"Ku dai da wanki!" Tsohuwar ta jawo wata muciya baƙa ƙirin daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin leda. "Tun kafin a haife ki ba a wanke ta ba. Abin da ke tayar da giya a jikinta yake. Ki juya a ɗaka, ki rufe taga, kada iskar nan ta taɓa ta."

Tabawa ta koma gida ta yi hakan. Washegari randar ta fara kumfa. Kande, 'yar Tabawa mai shekara goma sha tara, ta leƙo ta toshe hanci.

"Mama, wani abu na motsi a ciki! In kira ma'aikatan hasumiya?"

"Rufe ƙofa," in ji Tabawa. "Haka abu mai rai yake wari."