Hannun Mai Burodi

Wannan harsashin ma ya wuce kwalin da aka kafa don harbi bai taɓa shi ba. Abu Sakar ya yi dariya har da dafe ciki.

"Abu Munzir, wannan surukin naka ko raƙumi aka ɗaure masa a gaba, igiyar zai harba!"

Abu Munzir ya kau da kai. Yana zaune a kujerar roba ƙarƙashin rumfa, shayinsa ya huce, kansa na sarawa. Shi da ƙarar bindiga sun raba gari tun da ya ƙetaro iyaka da iyalinsa daga Siriya, kuma da son ransa ne da yanzu yana gida yana barcin bayan Juma'a. To amma Abu Sakar ne mai gidan da suke zaune a nan garin Irbid. Tsohon soja ne, shi ke da wannan filin harbi a bayan gari, kuma irin mutanen nan ne da in suka gayyace ka shaƙatawa ba ka da bakin cewa a'a. A ganinsa ba a sanin namiji sai an ɗora masa bindiga a kafaɗa.

Gobe za a zo neman auren Lubna, 'yar Abu Munzir. Za a zuba gahawa a ajiye gaban baƙi, ba mai taɓa kofinsa sai uban yarinya ya ce a sha, kuma har yanzu Abu Munzir bai san me zai ce ba. Mai neman auren, Gassan, yaro ne mai kunya, yana gasa burodi a bakin kasuwa, Lubna kuma ta nuna shi take so. Matsalar ɗaya ce: ya ce garinsu ɗaya da su, amma duk ɗan garin da aka tambaya sai ya ce bai san gidansu ba. Abu Munzir ya gaji da tambaya. Gaskiyar magana, ya gaji da komai.

Bindigogin tsofaffi ne, masu gindin katako, waɗanda sojoji suka gama yayinsu suka yi gwanjo. Kowace da halinta. Wata na ja dama, wata sai an bubbuge ta kafin ta tofar da kwanso. Wadda ta fi taurin kai aka ba Gassan, don tsokana, bai kuwa yi ƙorafi ba. Ya kwanta rub da ciki a kan tabarma, ya manna kunci, ya yi lamo har ka ce barci ya sace shi, sannan ya harba. Ya sake kuskurewa. Abin toshe kunnen da aka miƙa masa na nan gefe, ko kallonsa bai yi ba.

"Buɗe ido, mai burodi, ba kwaɓa fulawa aka ce ka yi ba!" in ji Abu Sakar. "Wai da ana yaƙi a garinku kana ina? Ƙarƙashin gado?"

"Ina garin, Baffa," Gassan ya ce a hankali. Ya ja sakatar bindigar bai duba ba, kwanso ya yi tsalle ya faɗi gefe.

Da harsasai suka ƙare aka tsai da harbi, Abu Sakar ya koma wajen naman da ke kan garwashi yana ba wa sauran baƙi labarin jarumtarsa. Abu Munzir ya ce shi zai je ya ɗauko kwalin. Ba don yana son gani ba, don dai ya huta da surutu. Ya tafi yana jan ƙafarsa mai ciwon gwiwa.

Kwalin mai siffar mutum ne, an kafe shi jikin wani tsohon ƙyaure. Fes yake, ko ƙwarzane babu. Abu Munzir ya kai hannu zai cire shi, sai idonsa ya sauka kan katakon. Rami ɗaya na can sama shi kaɗai, na harbin farko. Sauran duk suna wuri guda, hagu da kunnen kwalin, a cunkushe har bakin kofi zai iya rufe su. Ya ɗora hannu ya auna tazararsu da kunnen. Taƙi ɗaya.

Nan take ya tuna. A hunturunsu na ƙarshe a gida an yanke ruwa, famfo ɗaya ya rage, can ƙetaren babban titi, ga maharbi an ajiye a saman dogon bene. Abu Munzir ke ƙetarawa da jarka, da gwiwa ta gaza Lubna ta karɓa. A wasu titunan mutane sun yi ta faɗuwa. A nasu kuwa, kullum harsashin bango yake samu, dab da kunnenka na hagu, har maƙwabta suka sa wa maharbin suna Makaho suna gode wa Allah.

Ya ji taku a bayansa. Gassan ne ya biyo shi, ya tsaya hannu a sake, kamar ɗalibin da ke jiran hukunci.

"Ɗana," Abu Munzir ya ce, "a ina ka ce ka fara ganin Lubna?"

"A gidan burodi na ce, Baffa."

"Yanzu fa?"

Gassan ya dubi ramukan nan, ya ce:

"Ban so a sha gahawar gobe ba ka sani ba. Tana gudu da jarka biyu na fara ganinta, ana tsaye a kaina ana cewa in harba. Ni ne a saman benen, Baffa."