"Da Sauƙi" Ta Ci Ƙafar Sallau

Sallau ɗan dako ne a wani kamfanin cashe shinkafa a Talata Mafara. Ran da tarin buhuna ya rufto masa a ƙafa, har ƙarar ƙashin sai da ya ji. Manaja, Malam Labaran, ya taso a guje.

"Subhanallahi! Sallau, a kai ka asibiti?"

Sallau ya cije leɓe. "A'a ranka ya daɗe, da sauƙi."

Kun dai san halinmu, mutum ko yana bakin mutuwa "da sauƙi" zai ce. Ga kuma tsoron kada a ce ya nakasa a ba wani gurbinsa. Ya lallaɓa ya hau mashin zuwa gida a garinsu Morai, aka kai shi wurin mai ɗori.

Ƙafa fa ta ƙi. Ta kumbura, ta fara ruwa, har wari take yi. Da aka je asibiti daga baya, likita ya duba hoton ƙashin ya girgiza kai. "Ya fara ruɓewa. In ba a yi aiki da wuri ba, sai dai a yanke ta."

Sallau ya yi salati. Matarsa Lantana ta dafe ƙirji. "Na shiga uku! Mi za mu ci in ka rasa ƙafa?"

Kamfanin yana da asusun jinyar wanda ya ji ciwo a bakin aiki, sai suka garzaya can. Jami'in asusun ya tambaya, "Wane likita ya gan ka ranar? Wa ya shaida?"

Babu. 'Yan dakon da suka gani masu aikin kaka ne, tuni sun watse. Aka kira Labaran, ya ce, "Wallahi da bakinsa ya ce mini da sauƙi. Ina na san ko a gona ya karye bayan nan?"

"Ai amsar gaisuwa ce!" in ji Sallau. "Haka kowa ka cewa!"

Aka ce a dawo da shaida. Suna cikin sintirin nemanta ruɓa ta haura, aka yanke ƙafar daga gwiwa.

Jama'a, in kun ji ciwo a wurin aiki, ku faɗi gaskiyarsa a gaban shaidu, ku je asibiti a ranar. Kunya da dauriya ba su biya wa kowa kuɗin tiyata.